Ranar da Aski Ya Tsaya a Rabi

Akwai wata yarinya 'yar aji shida a makarantar firamare. Tana da ƙoƙari, tana kuma da baki. In aka fara musu da ita, sai dai mutum ya gaji ya bar mata. Shi ya sa a gida da makaranta kowa ke ce mata Lauya.

Babanta mai aski ne. Shagonsa ƙarami ne, a bakin titi. A ciki akwai kujera mai juyawa, da babban madubi, da benci na masu jiran layi. A waje kuma, kusa da ƙofa, akwai wani tsohon janareta.

Wutar lantarki ba ta zama a unguwar. Ta zo yanzu, anjima ta tafi. Don haka janaretan nan shi ke riƙe da shagon. Amma fa ya tsufa. Kafin ya tashi, sai Baba ya ja igiyarsa har ya yi gumi. In ya tashi kuma, sai ya yi ta tari yana fitar da baƙin hayaƙi. Bangon da ke bayansa ya yi baƙi ƙirin.

Kullum in an tashi daga makaranta, Lauya ce ke kai wa Baba abincin rana.

Wata rana malamar kimiyya ta zana duniya a jikin allo. Ta zana rana a gefe. Sannan ta zagaye duniyar da wani layi mai kauri.

"Hayaƙin motoci da na masana'antu da na janareta ba ya ɓacewa," in ji Malama. "Sama yake zuwa ya taru. Sai ya rufe duniya kamar bargo. Zafin rana ya shigo, ya kasa fita duka. Wannan shi ne ɗumamar yanayi."

Wani yaro ya ɗaga hannu. "Malama, to wa ya ce duniya tana jin sanyi da za a rufa mata bargo?"

Aji ya fashe da dariya. Malama ma ta yi murmushi.

"Ai matsalar ke nan," ta ce. "Ba ta jin sanyi, mu kuma muna ta ƙara mata bargo. Shi ya sa gwamnati ta fito da sabuwar doka. Nan da baɗi za a hana kunna tsofaffin janareta masu hayaƙi a bakin titi. Masu ƙananan shaguna za a ba su kayan sola, masu samar da wuta daga hasken rana. Sai su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ku ma kowannenku yana da abin da zai iya yi."

Lauya ta tuna baƙin bangon shagon Baba. Ashe mai rufa wa duniya bargo yana ƙofar shagonsu.

Da ta kai abinci ran nan, ta tarar da shagon a cike. Ana ta musu a kan sabuwar dokar. Wanda muryarsa ta fi ta kowa tashi shi ne Kawu Direba, abokin Baba, mai tuƙa motar haya.

"Ɗumamar me?" yake cewa. "Tun ina yaro ake zafi. Kakana ma da mafici a hannu ya tsufa."

Wani dattijo da ke kan benci ya girgiza kai. "A'a, direba. Zafin yanzu daban ne. Ruwan sama ma ya daina zuwa a lokacinsa. In ya zo kuma, sai ya tafi da gidajen mutane."

"To na ji," in ji Kawu Direba. "Su wa suka cika sama da hayaƙi? Ba masu manyan masana'antu ba ne? An bar su suna nan, sai ɗan janaretan mai aski aka gani?"

Lauya ta ajiye kwanon abinci. "Kawu, ai ƙananan ma in suka taru suna da yawa. Titin nan kaɗai janareta nawa ne a cikinsa? Kuma mu ke shaƙar hayaƙin, ba masu masana'antu ba."

"Kai! Lauya ta iso kotu!" Kawu Direba ya ɗaga hannu biyu sama. Aka yi dariya.

Ta juya wajen babanta. "Baba, ka je ka karɓi sola mana."

"Zan duba," in ji Baba, yana goge injin aski da burushi.

"Yaushe?"

"Na ce zan duba. Ɗauki kwanon jiya ki kai gida."

Washegari ta sake tambaya. Baba ya ce zai duba. Bayan kwana biyu ta sake. Amsar ba ta canza ba. Ran Lauya ya ɓaci. A ganinta ta faɗi gaskiya, kuma an ƙi ji. Sai ta ce a ranta, "In janaretan nan ya mutu, ai dole Baba ya je ya karɓi sola."

Ba da daɗewa ba aka yi wata rana da babu makaranta, malamai suna taro. Da safe Lauya ta bi Baba shago don ta taya shi shara. Babu wuta. Baba ya ɗauki jarka ya je wajen wani tsoho mai sayar da fetur a ƙarshen titi. Ya dawo ya cika tankin janareta. Sannan ya tsallaka titi sayen reza.

Lauya ta duba dama, ta duba hagu. Babu mai kallonta. Ta buɗe murfin tankin. Ta ɗauko gorar ruwan shanta, ta juye ruwan duka a ciki. Ta rufe, ta koma ta ɗauki tsintsiya.

Ta ce wa kanta, "Ai don duniya na yi."

Baba yana dawowa, wani saurayi ya shigo da sauri. Yana sanye da farar riga mai guga. A hannunsa akwai jakar takardu.

"Baba, a taimaka mini," ya ce. "Yau zan je a gana da ni don ɗaukar aiki. Na daɗe ina nema, sai yanzu aka kira ni. Ba na so in makara."

"Zauna, ɗana," in ji Baba. "Yanzu-yanzu za ka fita kamar manaja."

Ya ɗaura masa ƙyalle a wuya. Ya fita ya ja igiyar janareta. Janareta ya tashi. Injin aski ya fara ƙara. Baba ya fara daga gefen dama, ya haura har tsakiyar kai. Gashi yana ta zubowa.

Sai janareta ya yi tari. Ya sake yi. Ya girgiza kamar mai jin sanyi. Sannan ya yi tsit.

Lauya ta ji wani ɗan daɗi a ranta. Babu ƙara, babu hayaƙi. Amma da ta ɗaga kai ta kalli madubi, daɗin ya gudu.

Rabin kan saurayin a aske yake tas. Ɗaya rabin kuma gashi ne cunkus.

"Baba," in ji saurayin a hankali, "me ya faru?"

"Kwantar da hankalinka. Halinsa ne."

Baba ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja. Shiru. Ya yi ta ja har igiyar ta goge masa tafin hannu. Saurayin yana kallon agogo, yana kallon madubi. Gumi ya fara jiƙa farar rigarsa.

"A haka zan je?" ya ce. "Wa zai ɗauki mai rabin kai aiki?"

Baba ya bar janareta ya dawo ciki. Ya ɗauki almakashi da mataji da reza. Ya fara rage ɗaya gefen da hannu. Aikin hannu ba ya sauri. Kafin ya gama, rana ta ɗaga sosai. Saurayin ya fizge ƙyallen daga wuyansa, ya ɗauki jakarsa, ya fita da gudu. Ko madubi bai tsaya dubawa ba.

Mutum biyu da ke jiran layi suka miƙe. Suka ce za su dawo wani lokaci.

Ana cikin haka Kawu Direba ya iso. Ya san inji sosai. Ya tsuguna ya duba nan, ya duba can. Sannan ya zuƙo man tankin da siririn tiyo, ya zuba a kwalba. Ya ɗaga kwalbar sama.

"Zo ka gani," ya ce wa Baba.

Fetur yana sama. A ƙasansa kuma ga ruwa nan kwance, fari tas.

"Ruwa ne a cikin man nan. An cuce ka."

Fuskar Baba ta canza. "Ɗazu-ɗazu na saye shi wajen tsoho. Shekara da shekaru ina ciniki da shi."

Ya karɓi kwalbar ya kama hanya. Kawu Direba ya bi shi. Lauya ta ajiye tsintsiya ta bi bayansu.

Tsoho yana zaune a gaban teburinsa, da kwalaben fetur a jere. Wani mai babur ya tsaya zai sayi mai. Baba ya dangwarar da kwalbar a kan teburin.

"Baba tsoho, me na yi maka? Dubi abin da ka sayar mini."

Tsoho ya ɗauki kwalbar ya kai ta kusa da idonsa. "Ruwa? A maina? Wallahi ban taɓa yin haka ba."

"To daga sama ya faɗo?" in ji Kawu Direba.

Mutane suka fara taruwa. Wata mata ta ce, "Ashe haka yake yi?" Wani ya ce, "Dama babur ɗina yana ta ba ni wahala kwanan nan." Mai babur ɗin da ya tsaya ya rufe tankinsa ya yi gaba.

Tsoho ya dubi mutanen ya ce, "Jama'a, da wannan teburin nake ciyar da jikokina. In kuka ɓata mini suna, ina zan sa kaina?"

Lauya tana tsaye a bayan Baba. Ta san in ta yi shiru, babu wanda zai taɓa ganewa. Ta kalli idon tsohon. Ya cika da ƙwalla.

Ta ja rigar Baba.

"Baba."

"Bari, Lauya, ana magana."

"Baba, ba shi ba ne." Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ni ce. Ni na zuba ruwan da ka tafi sayen reza."



Baba ya juyo ya kalle ta. Bai daka mata tsawa ba. Sai ya juya wajen tsoho, ya rusuna.

"Baba tsoho, ka yafe mini. Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba." Ya miƙe ya fuskanci mutanen. "Jama'a, kun ji da kunnenku. Man tsohon nan lafiyarsa lau. Daga gidana laifin ya fito."

Sannan ya ce wa Lauya, "Wuce gida."

Ran nan ba a ƙara aski a shagon ba. Tun kafin yamma Baba ya dawo gida, da hannu ɗaure da tsumma. Ya zauna a tsakar gida. Mama ta kawo masa ruwa. Ya kira Lauya.

"Me ya sa?" ya ce.

"Hayaƙin yana ɓata iska, Baba. Na yi ta gaya maka, ka ƙi ji. Na ɗauka in ya lalace za ka karɓi sola."

"To bari in gaya miki abin da kika gyara yau," in ji Baba. "Man tankin duk ya lalace. Da muke juye shi, rabi ya kuɓuce ya zube a kwata. Yanzu haka kwatar titin nan warin fetur take yi. Yaron nan ban sani ba ko ya samu shiga. Tsoho ya kusa rasa sana'arsa. Ni kuma na ci mutuncin sa'an mahaifina a gaban jama'a."

Hawaye suka zubo wa Lauya.

Mama ta ce, "Da bakin nan naki kika iya kare kanki kullum. Yau fa?"

"Ba ni da abin cewa, Mama. Na yi laifi. Baba, ka yi haƙuri."

"Abu ɗaya ya sanyaya mini rai," in ji Baba. "Ba ki bar tsohon nan ya ɗauki laifinki ba. Amma ba a gama ba. Duk wanda kika ɓata wa rai, za ki je ki ba shi haƙuri da bakinki. Kuma sharar shago ta zama taki har ƙarshen zangon karatu."

Washegari a aji, Lauya ba ta ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Da aka fita hutun tara, Malama ta tsayar da ita.

"Yau kotu ba ta zauna ba. Lafiya?"

Lauya ta ba ta labari duka. Malama ta saurara har ƙarshe.

"Malama, ke kika ce kowa yana da abin da zai iya yi."

"Na faɗa, kuma ban janye ba," in ji Malama. "Abin da kika faɗa a kan hayaƙi gaskiya ne. Amma gwamnati ma da ta yi dokar, ba ta bi shaguna tana fasa janareta ba. Ta ba mutane lokaci, ta kuma ba su abin da za su koma. Bari in tambaye ki. Me ya hana babanki karɓar sola?"

Lauya ta ce, "Ban sani ba."

"Kin tambaye shi?"

"Na ce ya je ya karɓa."

"Wannan umarni ne. Na ce kin tambaye shi?"

Lauya ta sunkuyar da kai. "A'a, Malama."

Da aka tashi, ta fara zuwa wajen tsoho mai fetur. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri.

"Tashi, jikata," ya ce. "Ya wuce. Kin yi ɓarna, amma kin yi jarumta. Sai dai ina da tambaya, tunda an ce ke lauya ce. In kowa ya koma sola, ni wa zai sayi maina?"

Lauya ta yi tunani. "Ban sani ba, Kaka. Ban taɓa tunanin haka ba."

"To ki riƙa tunawa da irinmu," in ji tsoho.

A shago ta tarar da saurayin nan a kan kujera. Wuta ta dawo, Baba yana daidaita masa askin jiya. Lauya ta tsaya a gefe, ta gaya masa ita ce ta jawo masa abin da ya faru.

Saurayin ya kalle ta ta cikin madubi. "Ke ce? Kin san na tarar an rufe ƙofa? Sai da na yi ta roƙo kafin suka ce in dawo mako mai zuwa."

"Ka yi haƙuri, Yaya."

Sai ya yi dariya. "Na haƙura. Amma ranar da zan koma, a kulle ki a ɗaki tukuna."

Da yamma, bayan mutane sun ragu, Lauya tana tara gashi da tsintsiya. Ta ce, "Baba, in yi tambaya?"

"Tambaya ko shari'a?"

"Tambaya. Me ya sa ba ka son sola?"

Baba ya ajiye tawul ya zauna a kan benci. "Wa ya ce ba na so? Kin ɗauka ina jin daɗin hayaƙin nan? Ni nake wuni a cikinsa. Kullum da ciwon kai nake komawa gida. Tsoro nake ji."

"Tsoron me?"

"In hadari ya rufe rana fa? In abin ba zai iya ɗaukar injin aski da fanka ba fa? In ya lalace, wa zai gyara? Janaretan nan duk tsufansa na san halinsa. Shagon nan shi ke ciyar da mu, shi ke biya miki makaranta. Ba zan sa shi a hannun abin da ban sani ba."

Lauya ta jingina da tsintsiya. Ba ta taɓa sanin Baba yana ciwon kai ba.

"Ban san amsar ba, Baba," ta ce. "Amma na ga faifan sola a kan rufin kemis ɗin bayan makarantarmu. Mu je mu tambaya mana."

Baba ya shafa gemu. "Wannan magana ce."

Da ƙarshen mako suka tafi. Baba ya sa injin askinsa a aljihu. Kawu Direba ya ce shi ma sai ya je ya ga ƙaryar da idonsa.

Mai kemis ɗin wata mata ce mai fara'a. Ta nuna musu batir a ƙarƙashin kantar shagon. Ta nuna musu firij ɗin da take ajiye magani. Ta ce tun da aka sa mata, maganinta bai ƙara lalacewa ba.

"In an yi hadari fa, Hajiya?" in ji Baba.

"Ba zan ɓoye maka ba," ta ce. "In rana ta yi kwanaki ba ta fito sosai ba, batir yana yin ƙasa. Sai in kashe fanka in bar firij. Kuma sai ana goge faifan, don datti yana rage masa ƙarfi. In ya samu matsala, akwai yaran da aka koya wa gyara. Ina da lambarsu."

Baba ya ciro injin askinsa. "Zan iya gwadawa?"

"Bismillah."

Ya jona. Injin ya tashi nan take. Baba ya duba ko'ina yana neman kan da zai gwada. Idonsa ya sauka a kan Kawu Direba.

"A'a!" in ji Kawu Direba, ya dafe hularsa. "In ya tsaya a rabi fa?"

"Ai ka ce da idonka za ka gani. To ka gani da kanka ma."

Haka aka zaunar da Kawu Direba a kan kujerar kemis, aka aske shi tas. Injin bai tsaya ba. Mai kemis ta yi dariya har da riƙe ciki.

Satin da ya biyo baya Baba ya je ofishin da ake rajista. Abin bai zo da sauƙi ba. Ya tarar da layi. An ce ya dawo, ya koma, an sake cewa ya dawo. Lauya ta so ta yi ƙorafi, amma ta ga Baba bai fasa ba, sai ta yi shiru.

A cikin wannan jira ne aka yi muhawara a ajinsu a kan sabuwar dokar. Lauya ta tsaya a gaban aji ta ce dokar tana da kyau, ta kawo dalilanta. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ya kamata gwamnati ta tuna da masu sayar da fetur a bakin titi. Su ma suna da iyali. A koya musu wata sana'ar, kar a bar su a baya."

Malama ta ce, "Wannan ban koya muku ba. Ina kika samo shi?"

"Wajen wani kakana, Malama."

Daga ƙarshe masu sa sola suka zo da tsani. Suka kafa faifai a kan rufin shagon. Suka ajiye batir a ƙarƙashin madubi. Baba ya kai tsohon janareta wurin da gwamnati ke karɓar irinsa. Shi da Lauya suka sayi fenti suka shafe baƙin bangon.

Shagon ya zama wani iri. Ana jin rediyo sosai. Ba sai an yi ihu ba kafin a ji juna. Baba ya daina komawa gida da ciwon kai. Tsoho mai fetur kuma ya ƙara ƙananan fitilun sola a kan teburinsa, yana sayarwa tare da mai.

Kawu Direba dai bai sauka daga kan bakansa ba.

"Ni har yanzu ban gama yarda da zancen bargon nan ba," yake cewa. "Amma gaskiya iskar shagon nan ta yi daɗi."

"Kawu, in kawo maka littafinmu na kimiyya ka duba?" in ji Lauya.

"Kawo. Amma ke za ki karanta mini, ni ina kwance."

Wata rana da yamma, telan da ke maƙwabtaka da su ya leƙo. Shi ma yana da janareta mai hayaƙi. Ya tsaya yana kallon batir, yana sosa ƙeya.

"Maƙwabci, abin nan naka yana aiki kuwa?"

Baba yana tsakiyar aski. Ya nuna Lauya da mataji. "Ga shugabar sashen nan. Yi magana da ita."

Lauya ta jawo masa kujera. "Zauna, Baba Tela. Me ke damunka game da shi? Faɗa mini duka. Wanda na sani in gaya maka. Wanda ban sani ba, mu je mu tambaya."

Tela ya zauna ya fara lissafo damuwarsa. Lauya ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba.

Daga wannan abin Lauya ta koyi darasi babba. Kula da iska da ƙasa aiki ne mai kyau, kuma na kowa ne. Amma ba a gyara da ɓarna, ba a kuma yin abin kirki a ɓoye ta hanyar cutar da wani. In kana da gaskiya, ka faɗe ta da ladabi. Ka saurari damuwar mutane. Sannan ku nemi mafita tare.